Waiwaye: Zuciyar da Aka Ƙera Don a Kama Ƙaryar Na'ura

Hoton farko da aka wallafa na fasahar da a yau muke kira MRI ba na mutum ba ne, ba kuma na dabba ba. Wasu siraran bututan gilashi ne guda biyu, kowanne faɗin cikinsa milimita ɗaya, aka cika su da ruwa aka tsayar da su a cikin wani bututun da ya fi su girma. Paul Lauterbur, malamin kimiyyar sinadarai a jami'ar Stony Brook ta jihar Niyok a Amurka, shi ya ɗauka, mujallar Nature ta buga a watan Maris na 1973, bayan da farko ta mayar masa da takardarsa. Abin da ya fito ɗigo biyu ne masu dishi-dishi. Amma Lauterbur ya san bututu biyu ya saka, ya san faɗinsu, ya san tazarar da ke tsakaninsu. Da ɗigo uku ya gani, da nan take ya gane lissafinsa ya yi ƙarya. A 2003 aka ba shi kyautar Nobel tare da Peter Mansfield na jami'ar Nottingham a Ingila.

Hanyar ke nan da duk mai ƙera ma'auni yake bi: kafin ya auna abin da bai sani ba, sai ya fara da abin da ya riga ya san amsarsa. Da ruwan da ke tsaye cikin gilashi abin da sauƙi. Da aka zo kan jinin da ke ratsa tsokar zuciyar mutum mai rai kuwa, masana sun shafe fiye da shekara talatin suna neman abin da za su gwada na'urar da shi, har yau ma ba wanda ya ce an gama. Wannan neman nake so mu waiwaya.

Zuciya tana tura jini ga jiki duka, amma ita ba ta ci daga jinin da ke cike da ɗakunanta. Tana da nata jijiyoyin, waɗanda suka taso daga gindin babbar jijiyar da ke fita daga gare ta, suka kewaye ta ta waje, sannan suka nutse cikin tsokar suna rarrabuwa har su koma siraran da ido ba ya gani. Ibn al-Nafis, likitan Dimashƙa da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya faɗi haka a sharhin da ya yi wa littafin Ibn Sina, inda ya ƙi yarda da maganar magabacin nasa cewa jinin ɗakin dama ne abincin zuciya. Nauyin zuciyar babban mutum kimanin giram 300 ne, amma tana shan kusan rubu'in lita na jini a kowane minti, wato wajen mililita ɗaya ga kowane giram na tsoka idan mutum yana zaune. In ya tashi gudu, adadin kan ninka sau uku ko huɗu. Dole ne ya ninka, domin ko a zaune tsokar zuciya tana tsotse kusan kashi 70 cikin 100 na iskar oksijin da jini ya kawo mata. Ba ta da wata rarar da za ta ƙara tatsa. In tana son ƙari, sai dai a ƙaro mata jinin.

A 1974 wani matashin likita a birnin Seattle, Lance Gould, ya nuna a jikin karnuka abin da ya zama ginshiƙin gwajin da ake yi a yau. Ya riƙa matse jijiyar zuciya kaɗan-kaɗan yana auna jinin da ke wucewa. Muddin zuciyar tana hutawa, jinin bai ragu ba sai da aka toshe kusan kashi 85 cikin 100 na faɗin jijiyar, saboda ƙananan jijiyoyin da ke ƙasa suna buɗewa su rufa asiri. Amma idan aka sa zuciya ta nemi iyakar jinin da za ta iya samu, naƙasun yakan bayyana tun toshewar ba ta kai rabi ba. Shi ya sa mai wannan ciwo yake zaune lafiya lau, sai ya hau bene ko ya ɗauki kaya sannan ƙirji ya riƙe.

A ɗakin MRI ba a sa majiyyaci gudu. Ana ɗura masa maganin adenosin ta jijiyar hannu na 'yan mintuna, maganin ya buɗe ƙananan jijiyoyin nan iya buɗuwarsu. Mutum kan ji zafi a fuska, ƙirji ya yi nauyi, numfashi ya yi sama-sama, da an tsayar da maganin kuma komai ya lafa. Tun kwana guda kafin gwajin ake hana shi kofi da shayi, saboda sinadarin cikinsu mai hana barci yana kashe kaifin adenosin. Sinadarin nan kuwa yana nan jingim a goro, don haka dattijon da ya tauna goro da asuba ya ce ai shi bai sha komai ba, ya riga ya ɓata gwajin. Daga nan sai a harba masa wani ruwa mai ɗauke da ƙarfen gadoliniyam, irin wanda aka fara amincewa da shi a asibitoci a 1988, na'ura kuma ta yi ta ɗaukar hoto a kowane bugun zuciya na kusan minti ɗaya. Ana ganin ɗakin dama ya yi haske, ya dushe, ruwan ya bi ta huhu, ɗakin hagu ya yi haske, sannan hasken ya bazu cikin tsoka. Inda jini ke isa da ƙyar, wurin ya tsaya baƙi. Daga Boston rahoton Atkinson, Burstein da Edelman ya fito a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin wannan gwaji.

Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, kuma ƙimar da idon ƙwararre ya yi a nan ba ta wasa ba ce. A binciken CE-MARC da aka yi a Leeds kan mutum 752, aka wallafa a 2012, MRI ya gano kashi 86.5 cikin 100 na masu toshewar jijiya, tsohon gwajin SPECT mai amfani da sinadarin nukiliya ya gano 66.5. A 2019 binciken MR-INFORM kan mutum 918 ya nuna cewa idan MRI ne ya yi jagora, waɗanda aka yi wa aikin buɗe jijiya sun fi ƙaranci, kashi 35.7 maimakon 45 a rukunin da ba MRI ne ya yi masa jagora ba, kuma bayan shekara ba su fi sauran shiga matsala ba. Duka da ido aka karanta waɗannan hotuna.

Sai dai ido kwatantawa yake yi. Yana gane baƙin wuri ne saboda akwai mai haske kusa da shi. Idan manyan jijiyoyin nan uku duk sun tsuke kusan daidai, tsokar gaba ɗaya ta dushe tare, ido na iya cewa lafiya, alhali wannan shi ne majiyyacin da ya fi kowa kusa da haɗari. Haka kuma wadda manyan jijiyoyinta suke a buɗe amma ƙananan suka ƙi saki, ciwon da aka fi gani a mata, takan yi shekaru ana ce mata ba abin da ke damunta. Waɗannan lamba suke buƙata: mililita nawa, a minti, ga kowane giram.

Lissafin da ke fitar da lambar ya girme MRI. A 1954 Paul Meier da Kenneth Zierler na jami'ar Johns Hopkins suka shimfiɗa ƙa'idarsa: idan ka san yadda wani rini ya shiga gaɓa daƙiƙa bayan daƙiƙa, ka kuma san yadda ya taru a cikinta ya fice, za ka iya ciro yawan jinin da ya ɗauko shi. A zuciya, shigar ana auna ta a jinin da ke ɗakin hagu, taruwar kuma a cikin tsoka. A Minnesota, cikin shekarun 1990, Michael Jerosch-Herold da Norbert Wilke suka ɗora wannan lissafi a kan hotunan MRI. Lissafi ne mai ƙyuya. 'Yar ƙura a hoto kan haifar da babban kuskure a amsa, don haka dole mai lissafin ya ɗaure shi da wani zato game da siffar da amsar ya kamata ta ɗauka. Kowace tawaga da nata zaton. A ba tawaga uku hoto ɗaya, ana iya samun lamba uku.

Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan ɓoyuwa. Na'urar MRI ba ta ƙirga gadoliniyam. Haske take gani, hasken kuwa yana ƙaruwa da yawan sinadarin ne zuwa wani mataki, daga nan ya ƙoshi. A ɗakin hagu, inda ruwan allurar ke isowa da kaurinsa, hasken yakan kai maƙura tun sinadarin bai gama taruwa ba. Sai na'ura ta ce kaɗan ne ya shigo alhali mai yawa ne, lissafi kuma ya ga kaɗan ya shigo amma tsoka ta samu da yawa, ya yanke hukuncin cewa jini yana gudu ƙwarai. Mai ƙarancin jini a tsoka zai iya fitowa da lambar mai lafiya. A shekara ɗaya, 2004, aka kawo gyara biyu. Timothy Christian da abokan aikinsa a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka da ke Bethesda suka ce a fara da 'yar ƙaramar allura don auna shigar, sannan a biyo da babba don tsoka. Peter Gatehouse a asibitin Royal Brompton na Landan ya ce allura ɗaya ta isa, in dai a kowane bugu za a ɗauki hoto iri biyu, ɗaya an tsara shi yadda haskensa ba ya saurin ƙoshi.

To, ta yaya aka san gyaran ya gyara? Nan gizo ke saƙa. Ba a dasa mita a cikin tsokar mutum mai rai.

Amsar da aka fi yarda da ita ta samo asali ne daga 'ya'yan tumaki tun suna ciki. A 1967 Abraham Rudolph da Michael Heymann suka auna yadda jini ke rabuwa a jikin ɗan tayi ta hanyar zuba wasu ƙananan ƙwallayen roba a cikin jininsa. Ba a daɗe ba masu binciken zuciya suka ɗauki dabarar. Ƙwallayen da suke amfani da su faɗinsu maikiromita 15 ne, kusan ninki biyu na jar ƙwayar jini. A zuba su a ɓangaren hagu na zuciya su gauraya, jini ya kwashe su, duk inda suka isa siririyar jijiya su maƙale. A daidai lokacin ana zuƙo jini daga wata jijiyar da gudun da aka sani, don ya zama abin kwatance. Bayan haka a kashe dabbar, a ciro zuciyar, a yayyanka, a ƙirga ƙwallayen kowane yanki ta alamar da aka yi musu, da can tururin nukiliya, daga baya launi mai ƙyalli. Yankin da ya fi ƙwallo shi ya fi samun jini. Tun 1971 Gerald Buckberg da abokansa suka nuna cewa sai yanki ya kama ƙwallo kamar 400 kafin a amince da ƙirgensa. Da wannan hanya Christian ya gwada allurarsa biyu a kan karnuka, lambobin suka tafi tare, aka yarda.

Ban raina wannan aiki ba, a kansa aka gina sauran. Amma dubi tsadarsa. Kowace tambaya sai an salwantar da rai. Dabbar tana cikin maganin barci, ƙirjinta sau da yawa a buɗe, kuma lafiyayyar matashiya ce, ba tsoho mai ciwon suga ba. Zuciyar da aka ciro ta saki, ta sauya siffa, mai bincike kuma yana ƙoƙarin cewa wannan yankin da ke kan faranti shi ne wancan wurin da ke hoto. Uwa uba ga abin da James Bassingthwaighte na jami'ar Washington ya kwashe shekaru yana nunawa: ko a lafiyayyar zuciya jini ba ya rabuwa daidai. Yanki biyu maƙwabta na iya bambanta nesa ba kusa ba, kuma gwargwadon ƙanƙantar yankan da ka yi, gwargwadon faɗin bambancin da za ka gani. Ashe ita kanta gaskiyar da ake gwada na'ura da ita ta danganta da girman wuƙar mai yanka.

A jikin mutum kuwa abin da ake da shi shi ne a kwatanta MRI da na'urar PET, musamman mai amfani da ruwan da aka yi wa alama da oksijin-15. Rabin ƙarfin wannan sinadari yana ƙarewa cikin kusan minti biyu, don haka sai asibitin da ke da injin haɗa shi a ginin. PET ma lissafi take yi da nata zaton, hotonta kuma bai kai na MRI tsabta ba. In na'ura biyu suka yi daidai, abin da aka tabbatar shi ne sun yi daidai.

An gwada tsaka-tsaki. Tun 1895 Oskar Langendorff a Rostock ta Jamus ya nuna ana iya cire zuciyar dabba a ci gaba da ba ta ruwa ta jijiyoyinta tana bugawa. A 2010 Andreas Schuster da tawagar King's College ta Landan suka shigar da zuciyar alade, wadda girmanta ya yi kusa da na mutum, cikin na'urar MRI ta asibiti, famfo yana ba ta jini gwargwadon yadda suka so. Aiki ne mai ban sha'awa, amma 'yan sa'o'i zuciyar take yi, gobe kuma wata za a kawo, ba irin ta jiya ba.

Daga wannan gida dai, a 2013, Amedeo Chiribiri da abokansa suka fito da abin da ya fi kama da bututan Lauterbur. Sun ƙera zuciyar roba: famfo mai tura ruwa, ɗakuna huɗu, tiyo a madadin jijiyoyin huhu da babbar jijiya, sai gwangwani biyu cike da siraran bututai a madadin tsoka, kowanne da mitar da ke nuna yawan ruwan da ke bi ta cikinsa. A harba gadoliniyam kamar yadda ake yi wa mutum, a ɗauki hoto, a bar ruwa ya wanke, a sake. Ka murɗa famfon gefe ɗaya ka rage ruwan da rabi, ka ga ko manhajar za ta ce rabi. Ba ta gajiya, ba ta jin zafin allura, ba a neman izininta. Ana iya ɗaukar ta daga wannan asibiti zuwa wancan, daga na'ura mai ƙarfin maganaɗisu tesla 1.5 zuwa mai 3, daga baya ma an sa ta a na'urorin hoto na CT da PET. Da ita aka iya tambayar na'urori daban-daban tambaya ɗaya tak wadda aka san amsarta. Abin da aka bayar aka sami wannan kuwa ba kaɗan ba ne: zuciyar ba ta matsewa, ƙirjin ba ya numfashi, ruwa ne ba jini ba, bututun roba kuma bai san abin da siririyar jijiya mai rai take yi ba, wadda gadoliniyam ke tsiyaya ta bangonta ya shiga tsakanin ƙwayoyin tsoka sannan ya dawo.

Abin da roba ta kasa, aka nema a kwamfuta. Wannan ma tsohuwar al'ada ce: a 1974 Larry Shepp da Benjamin Logan suka zana kan mutum da 'yan da'irori masu siffar ƙwai don gwada lissafin CT, har yau ɗalibai da shi suke farawa. Paul Segars na jami'ar Duke ya gina cikakken jikin mutum a kwamfuta, mai suna XCAT, zuciya na bugawa, huhu na cika yana sacewa. A 2014 Lukas Wissmann da Sebastian Kozerke a Zurik ta Siwizalan suka ɗora masa halayen MRI suka kira shi MRXCAT. A nan mai bincike shi ke rubuta yawan jinin kowane ɗigo na tsoka da hannunsa, ya zuba ƙura yadda ya so, ya sa majiyyacin kwaikwayo ya kasa riƙe numfashi, sannan ya miƙa wa manhaja ya ga abin da za ta ce. Amfanin wannan ya fi fitowa a sababbin hanyoyin gaggawa, inda na'ura ke tattara wani ɗan kaso na bayanan kawai, lissafi ya cike sauran, don a samu ɗaukar zuciya gaba ɗaya a cikin bugu guda. Cikon na iya fitar da hoto kyakkyawa ya kuma daddanne tsinin hasken da lambar ta dogara da shi. A jikin mutum ba yadda za a gane. A kwamfuta sai a ɗora amsa a kan asali a ga ratar.

Abu biyu kwaikwayo ya tona waɗanda nake ganin sun isa su biya duk wahalar da aka sha. Na farko baƙin zoben da ke fitowa a gefen tsoka ta ciki, daidai inda ta haɗu da jini. Wannan wuri shi ne ainihin inda ƙarancin jini ke fara bayyana, don haka zoben ya ruɗi likitoci da dama. A 2005 Edward Di Bella na jami'ar Utah, da Dennis Parker da Albert Sinusas, suka bi diddigin dalilansa. Babba daga ciki ba ya da alaƙa da ciwo ko kaɗan: duk inda haske mai ƙarfi ya yi iyaka da duhu, kuma ɗigon hoton ba su da ƙanƙanta sosai, lissafin da ke haɗa hoton yakan haifar da 'yar igiya a bakin iyakar, abin da masana lissafi suka sani tun zamanin Willard Gibbs a 1899. Zana da'ira mai haske a cikin zobe mai duhu a kwamfuta, ba jijiya ba ciwo, ka bi da ita ta wannan lissafi, baƙin zoben ya fito. Motsin zuciya ma yana ƙara shi. Daga nan aka koyi rarrabewa: zoben ƙarya siriri ne, yana zuwa tare da tsananin hasken jinin ɗakin hagu ya tafi tare da shi, na gaskiya kuwa yakan daɗe bayan hasken ya wuce, ya kuma bi yankin da wata jijiya ke shayarwa.

Na biyu ya fi wannan zurfi. Ana auna shigar rini a ɗakin hagu, amma kafin ya kai tsoka sai ya bi jijiyoyi masu lanƙwasa da rassa, wani lokaci ta wurin da ya tsuke. Tawagar Laura Schreiber a Mainz, daga baya a Würzburg, ta kwaikwayi tafiyar ruwan a cikin irin waɗannan jijiyoyi a kwamfuta, ta nuna cewa rinin yana miƙewa ya bazu a hanya, abin da ya isa tsoka ba shi ne aka auna a ɗaki ba, kuma lissafin da bai san da haka ba yakan ba da lamba ƙasa da ta gaskiya. Irin wannan kuskure ko sau ɗari aka maimaita hoton ba zai tonu ba, domin kullum gefe ɗaya yake karkata. Mai maimaitawa sai ma ya ƙara sakankancewa.

Amma kwaikwayo yana da nasa tarkon, kuma shi ne wanda ya fi sauƙin faɗawa. Wanda ya rubuta manhajar auna jini da wani zato, sai ya ƙirƙiri zuciyar gwaji da wannan zaton, ya auna, amsa ta fito cif-cif, ya rubuta takarda. Tun 1992 masana lissafi David Colton da Rainer Kress suka kira wannan ɗabi'a laifi. Kamar mai awo ne a kasuwa da aka ce masa mudunsa a tauye yake, ya ɗauko wani mudun da maƙeri ɗaya ya buga a rana ɗaya, ya juye hatsin ya ce ga shi nan sun yi daidai. Gwajin kirki sai zuciyar kwaikwayon ta fi manhajar sarƙaƙiya, an gina ta da wata ƙa'ida daban, in so samu ma wasu mutane daban ne suka gina. Dalilin ke nan da wasu suka koma ga ainihin jijiyoyi: a Amsterdam tawagar Jos Spaan tana daskarar da zuciya ta yi ta fere ta siriri-siriri tana ɗaukar hoto har ta sami taswirar dubban rassa, masu lissafi kuma su tura jinin kwaikwayo ta cikin wannan taswira. Yanzu da ake horar da manhajoji masu koyo da kansu a kan hotunan ƙirƙira, haɗarin ya ƙaru, don manhaja tana iya ƙwarewa a kan zuciyar da babu irinta a ƙirjin kowa.

A ganina, cikin waɗannan hanyoyi babu wadda ta isa ta tsaya ita kaɗai, kuma duk takardar da ta dogara da ɗaya ta ce an tabbatar, ta yi gaggawa. Wadda ta fi kama da mutum ita ce ba a san amsarta ba, wadda aka san amsarta sarai ita ta fi nisa da mutum. Ƙarfin da hujjar take da shi a yau ya zo ne daga cewa kurakuransu ba iri ɗaya ba ne, inda kare ya yi shiru roba ta yi magana, inda roba ta kasa kwamfuta ta gwada. A kan wannan tarin aka kai ga abin da Peter Kellman da abokansa suka fitar a 2017: taswira mai launi da ke fitowa a allon na'urar 'yan mintuna bayan an gama hoto, kowane ɗigo da lambarsa, da dabarar hoto iri biyu da kuma lissafin da ya samo tushe daga aikin Bassingthwaighte. A 2020 Kristopher Knott da tawagarsa a Landan suka bibiyi mutum 1,049 da aka yi wa irin wannan taswira, suka ga cewa masu ƙaramar lamba sun fi fuskantar mutuwa da bugun zuciya daga baya. Duk da haka lambar da wata manhaja ta ɗauka iyakar lafiya ba lallai ta zama ta wata ba, likitan da ya ɗauko iyaka daga takardar wani asibiti ya ɗora wa na'urarsa yana iya yin kuskure.

Akwai inda wannan ya taɓa mu kai tsaye. Gadoliniyam ba ya shiga jar ƙwayar jini, a ruwan jinin yake tafiya, don haka lissafin yana buƙatar sanin kason da ƙwayoyin suka ci a cikin jini. A lafiyayyen babba kason kan kai 40 zuwa 45 cikin 100, wasu manhajojin ma lamba ɗaya suke sa wa kowa. Mai cutar sikila sau da yawa nasa tsakanin 20 da 30 yake, kuma ƙarancin jini yana sa zuciya ta riƙa jan jini mai yawa ko a zaune, abin da ke rage tazarar da ke tsakanin hutu da matsi, wadda ita ce ake dubawa. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da sikila. Manyan binciken da na ambata a Ingila, Turai da Amurka aka yi yawancinsu. Ranar da wani asibiti a Kano ko Yamai ya sayi manhajar nan mai launi, ya kamata likitan ya tambayi mai sayarwa da me aka gwada ta, kuma a kan jinin wa.

Tambayar kuwa ana iya fara amsa ta ba tare da an mallaki na'urar MRI ba. Manhajar JEMRIS da aka rubuta a Jülich ta Jamus don kwaikwayon MRI, da Gadgetron da taswirar Kellman ke gudana a kanta, duka a buɗe suke kyauta a intanet. Ɗalibin lissafi ko kimiyyar fiziya a Bayero, ko Ahmadu Bello, ko Abdou Moumouni, da ke neman abin da zai yi digiri na biyu a kai, ya gina tsokar kwaikwayo, ya sauke kason ƙwayoyin jininta zuwa 25, ya ba wani abokinsa ya rubuta lissafin aunawa ba tare da ya ga yadda aka gina ta ba, su ga nawa lambar za ta karkata. Malamansu kuma su nemo musu likitan zuciya da zai zauna da su.